Garkuwar Kamfani da Haƙƙin Ɗan Haya: Nazari a kan Babin Iyakantaccen Alhaki na Mufti Taƙi Usmani

A cikin littafinsa mai suna An Introduction to Islamic Finance, wanda ya fito a Karachi a shekarar 1998, Mufti Muhammad Taƙi Usmani ya keɓe babi guda domin amsa wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masu nazarin mu'amalolin zamani tuwo a ƙwarya: shin shari'a ta yarda kamfani ya zama mutum a hukunce, mai zimma daban da ta masu shi, har bashin da ya hau kansa ya tsaya a kan jarinsa kaɗai? Malamin ya karkata ga halasci, kuma ya kyauta da ya bayyana cewa abin da ya rubuta tunani ne na farko wanda ke jiran ƙarin bincike. Sai dai littafi idan ya shahara, ba kasafai togaciyar mai shi ke bin sa duk inda ya shiga ba. A yau ana kafa hujja da wannan babi a wuraren da marubucin kansa ya yi gargaɗi a kansu, kuma babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar harkar gidajen haya a Amurka.

A can, idan mutum ya sayi gida domin ya zuba 'yan haya, shawarar farko da lauya ke ba shi ita ce ya mayar da gidan mallakar wani nau'in kamfani da ake taƙaita sunansa da LLC. Jihar Wayomin ce ta fara kafa dokarsa a 1977, hukumar harajin tarayya ta fayyace matsayinsa a 1988, kafin ƙarshen shekarun 1990 kuma babu jihar da ba ta karɓe shi ba. Mutum ɗaya tak yana iya kafa shi. Ribar hayar tana shiga lissafin harajinsa kai tsaye kamar babu kamfanin, amma idan aka yi ƙarar kamfanin, abin da ake iya kamawa a asali shi ne abin da kamfanin ya mallaka. Saboda haka masu gidaje da yawa sukan kafa wa kowane gida kamfaninsa, domin kada wutar da ta kama a gida ɗaya ta lashe sauran dukiyar.

Wannan garkuwa tana da tsada, kuma mafi yawan tsadar a wajen inshora take fitowa. Inshorar gidan zama an tsara ta ne domin mutum mai rai da ke kwana a cikin gidansa. Da zarar ya tashi ya sa ɗan haya, sai ya koma inshorar masu ba da haya, wadda cibiyar bayanan inshora ta ƙasar ke ƙiyasta cewa ta fi ta gidan zama tsada da kusan kashi 25 cikin 100. Idan kuma sunan da ke kan takardar mallaka ya koma na kamfani, da yawa daga masu sayar da inshora sukan tura shi ɓangaren kasuwanci, inda ake da mafi ƙarancin kuɗin da ba a sauka ƙasa da shi ga kowace yarjejeniya, kuma rangwamen da yake samu saboda haɗa gida da mota a wuri ɗaya yakan faɗi. Ƙarin inshorar da suke kira laima, wadda ke rufe abin da ya haura iyakar sauran, sau da yawa ba ta bin dukiyar kamfani sai an sayi wata daban. A Kalifoniya kowane irin wannan kamfani yana biyan aƙalla dala 800 na haraji duk shekara ko da bai ci ribar sisi ba, kuma a jihar ce babban kamfanin State Farm ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gidaje a watan Mayun 2023, yana mai kafa hujja da gobarar daji da tsadar gini. Mai gidaje biyar a kamfanoni biyar yana ɗauke da nauyin nan sau biyar. Ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta fara raya masa cewa tun da garkuwa na nan, a rage inshorar ko a bar ta ɗungurungum. Idan Musulmi ne mai tsentseni, to yana da wani dalili na biyu wanda ya fi na aljihu ƙarfi, domin an karantar da shi cewa inshorar kasuwanci haramun ce.

Daga nan ne ya kamata a koma ga babin na Usmani a sake karanta shi. Ya gina kasancewar mutum na hukunci a kan misalai huɗu daga littattafan fiƙihu: waƙafi, wanda ke mallaka kuma ake bin sa bashi alhali ba shi da rai, baitulmali, cakuɗar dukiya a babin zakka a wurin Shafi'iyya, inda ake ɗaukar garken mutane biyu tamkar na mutum ɗaya, da gadon da bashi ya cinye, wanda ya fita daga hannun mamaci bai kuma shiga hannun magada ba. Sannan ya kawo misali na biyar domin iyakance alhakin kansa, wato bawan da ubangijinsa ya yi masa izinin fatauci. Jarin na ubangiji ne, ribar tasa ce, amma idan bashi ya yi wa bawan katutu, masu bin bashi suna da abin da ke hannunsa da kuɗin da aka sayar da shi, ba su wuce nan zuwa aljihun ubangijin ba.

Misalai huɗun farko sun isa su tabbatar da cewa fiƙihu bai ƙi zimmar da ba ta ɗan Adam ba, kuma waɗanda suka yi wa malamin raddi a kan wannan gaɓa sun wahalar da kansu a inda ba a nan gizo ke saƙar ba. Amma tabbatar zimma abu ne daban, kuɓutar da wanda ke cin riba daga biyan bashi kuma abu ne daban. Waƙafi ba shi da mai hannun jari da ke kwashe amfaninsa ya kai gida. Wanda ya yi waƙafi ya rabu da dukiyarsa har abada. Magada kuwa ba su ne suka ci bashin ba, ba su kuma da iko a kan yadda mamacin ya sarrafa shi. Mai kamfanin mutum ɗaya shi ne ya kafa, shi ne ke gudanarwa, shi ne ke karɓar kuɗin haya a ƙarshen wata, shi ne kuma ke yanke shawarar nawa zai bari a asusun kamfanin. Nauyin hujjar gaba ɗaya ya koma kan misali na biyar ke nan, kuma shi ma ba wurin ittifaƙi ba ne. Sayar da bawa saboda bashin fatauci maganar Hanafiyya ce. Malikiyya da Shafi'iyya sun rataya bashin a kan abin da ke hannunsa da zimmarsa, ba a kan wuyansa ba, yayin da mashhurin mazhabar Hanbaliyya ya ɗora shi kai tsaye a kan zimmar ubangiji, bisa dalilin cewa shi ne ya ja mutane zuwa mu'amala da bawan sa'ad da ya yi masa izini. Babin bai ba wannan ra'ayi na ƙarshe haƙƙinsa ba, alhali shi ne ya fi kusa da yanayin kamfanin da mutum ɗaya ke juyawa yadda ya ga dama.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Usmani ya hango haɗarin. A ƙarshen babin ya nuna cewa iyakance alhaki ya dace da manyan kamfanonin da ke sayar wa jama'a hannun jari, inda dubban masu jari ba su da hannu a gudanarwa, kuma bai kamata a miƙa shi ga ƙananan kamfanoni masu zaman kansu da tarayyar 'yan kasuwa ba, sai fa ga abokin tarayyar da ba ya shiga harkar gudanarwa. Da masu kafa hujja da shi sun karanta har ƙarshe, da sun ga cewa kamfanin gidan haya na mutum ɗaya yana cikin abin da ya cire. Amma damuwarsa a can ita ce ha'inci, wato kada mutum ya ci bashi da sunan kamfani ya ɓoye dukiya a bayansa. Wanda babin ke kallo daga farko har ƙarshe shi ne mai bin bashin da ya shiga mu'amala da zaɓinsa. Haka ma ƙudurin Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi mai lamba 63, wanda aka zartar a Jidda a 1992: ya halatta kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki ne bisa illar cewa masu mu'amala da shi sun san da hakan, kuma sanin yana kawar da yaudara.

Illar tana da kyau a inda ta tabbata. Banki ya sani, mai sayar da siminti ya sani, kowannensu yana iya neman jingina ko lamunin mai kamfanin da kansa, kuma bankuna suna nema. To yaron ɗan haya da matattakalar bene ta rufta da shi, me ya sani? Baƙon da ya zo gaisuwa wayar lantarki da ta ruɓe ta kashe shi, da maƙwabcin da gobara ta tsallaka gidansa, a wace takarda suka sa hannu? Waɗannan sun zama masu bin bashi ba da yardarsu ba. Hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, kuma illar da aka ambata ba ta nan a kansu. Ba a ce majalisar ta halatta tauye haƙƙinsu ba. Ba ta yi magana a kansu ba ne, sai mutane suka ɗauki shirun a matsayin izini.

Mai kare babin yana iya cewa ko a laifin da bawa ya aikata, ubangiji yana da zaɓi tsakanin ya miƙa bawan ko ya fanshe shi, wanda shi ma iyakancewa ne a gaban wanda bai zaɓi komai ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne mafi ƙarfin abin da za a iya faɗa. Amsarsa ita ce bawa yana da hankali da nufi da hannun da ya aikata, shi ya sa laifin ya rataya a wuyansa. Kamfani ba ya hawa tsani ya duba rufi, ba ya jin koken ɗan haya ya yi biris. Wanda ya ji ya yi biris shi ne mai gidan. Mas'alar da ta dace da shi a littattafai ita ce ta katangar da ta karkata, wadda kowane ɗalibin Mukhtasar ya sani: idan aka gargaɗi mai ita, yana da halin gyarawa bai gyara ba, har ta faɗa wa wani, lamuni ya hau kansa. Hanafiyya sun fayyace cewa diyyar rai tana kan danginsa masu ɗaukar diyya, asarar dukiya kuma a kan aljihunsa. Dokar Amurka ita kanta ba ta kuɓutar da mutum daga sakacin da ya yi da hannunsa don kawai yana da kamfani, abin da yawancin masu sayen garkuwar ba su cika lura da shi ba sai ranar da sammaci ya zo da sunansu biyu, na kamfani da na yanka.

Akwai shari'u biyu da suka cancanci ɗalibin fiƙihu ya sani, domin suna nuna yadda tsarin ke aiki a gidansu. Ta farko a Birtaniya ce, a 1925. Wani mai suna Macaura ya sayar wa kamfanin da kusan dukkan hannun jarinsa nasa ne katakon gandunsa da ke arewacin Ailan, sannan ya yi wa katakon inshora da sunan kansa. Gobara ta cinye shi. Alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, suka yanke cewa ba a biyan sa ko kwabo, domin katakon na kamfani ne, shi kuwa mai hannun jari ba shi da mallaka a kan kadarar kamfani. Kotun ƙolin Kanada ta bar wannan tafarki a 1987, amma darasin bai mutu ba: wanda ya mayar da gidansa sunan kamfani ya bar inshorar da sunansa domin gudun ƙarin kuɗi yana iya tarar da cewa shekara da shekaru yana biya a banza. Mutum ba ya cewa gidan ba nasa ba ne ranar da ake bin sa diyya, ya dawo ya ce nasa ne ranar da yake neman a biya shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, kuma wannan karin magana ba ta da nisa da ƙa'idar fiƙihu da ta ɗaura cin amfani a kan ɗaukar asara.

Ta biyu a jihar Niyok ce, a 1966. Wani mai suna Carlton yana da kamfanoni goma na tasi, kowanne da mota biyu kacal, kowace mota da inshorar dala 10,000, mafi ƙarancin abin da doka ta tilasta. Ɗaya daga cikin motocin ta buge wani mai tafiya a ƙasa. Rinjayen alƙalai suka ƙi yaye labulen kamfanin bisa ƙarar yadda aka shigar da ita, suka ce idan adadin inshorar ya yi kaɗan, majalisar dokoki ce za ta ƙara shi. Duk wanda ya cire motoci ya sa gidaje zai ga tsarin kamfani ɗaya ga kowane gida. Abin lura shi ne muhawarar alƙalan gaba ɗaya a kan inshora ta gudana. Dokar Yamma ta iya haƙura da iyakance alhaki a gaban wanda aka cutar ne saboda tana sa ran akwai inshora a bayansa, har wasu kotunan Amurka suna ƙirga inshorar da kamfani ya saya a matsayin shaidar cewa ba a kafa shi fanko domin gudun biyan diyya ba. Tsarin ƙafa biyu gare shi. Malaman zamani sun karɓi ƙafa ɗaya a 1992, alhali sun riga sun sare ɗayar tun 1985, sa'ad da majalisar nan dai ta zartar a ƙudurinta mai lamba 9 cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa da ke ɓata ƙulli, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya a matsayin madadi.

Kowace fatawa daga cikin biyun tana da hujjarta idan aka dube ta ita kaɗai. Haramcin yana da tsohon tushe: Ibnu Abidin, wanda ya rasu a 1836, ya ƙi halatta wa ɗan kasuwa Musulmi karɓar diyyar kayan jirgin ruwa daga mai inshora a ƙasar Musulunci, domin a ganinsa lazimta wa mutum ne abin da bai lazimce shi ba. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1977 da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a 1978 sun bi wannan hanya, Shaihu Musɗafa Zarƙa ya saɓa musu kamar yadda ya saɓa wa Shaihu Abu Zahra tun a taron makon fiƙihu na Dimashƙa a 1961. Amma idan fatawoyin biyu suka haɗu a hannun mutum ɗaya, a ƙasar da takaful na gidaje bai samu gindin zama ba, abin da ke fita shi ne mai gida da ya tsare dukiyarsa da garkuwa, ya tsare addininsa da barin inshora, ya bar ɗan haya da gidan da ya ƙone da asusun da babu komai a ciki. Ya guje wa ƙullin da malamai suka yi saɓani a kansa, ya faɗa cikin tozarta haƙƙin jini da dukiya, wanda babu saɓani a kan haramcinsa.

Mafita ba ta buƙatar a rungumi ra'ayin Zarƙa gaba ɗaya. Shaihu Siddiƙ Darir na Sudan, wanda littafinsa a kan garari shi ne madogarar masu haramtawa, ya sanya sharuɗɗa kafin garari ya ɓata ƙulli, daga cikinsu akwai cewa kada buƙata ta kasance ta tilasta shi. Shi ya sa bai tsaya ga haramtawa ba, ya kasance cikin malaman da suka tsaya a kan kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Khartum a 1979, domin buƙatar ta samu wata hanya. Inda hanyar ba ta samu ba, sharaɗin nasa yana aiki. Kuma ya kamata a bambanta inshorar ginin kansa da inshorar alhakin cutar da wani. Ta farko maslahar mai gida ce. Yana iya barin ta ya ɗauki asararsa idan babu mai ba da rance da ya shardanta ta. Ta biyu kuɗinta ba aljihunsa suke shiga ba, hannun wanda aka raunata ko magadansa suke zuwa, kuma ita ce ta fi kama da tsarin dangi masu ɗaukar diyya, wanda Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya mayar kan mutanen diwani sa'ad da taimakon juna ya koma can. Majalisar ta Jidda da kanta, a zamanta na Dubai a 2005, ta amince takaful ya tsaya a matsayin dangi idan babu su. Fatawar nan da ta yaɗu, cewa wanda aka tilasta wa inshora kada ya karɓi fiye da abin da ya zuba, ba ta da wurin zama a wannan nau'i: aiwatar da ita yana nufin a ce wa maraya diyyar mahaifinsa ita ce jimlar kuɗin da mai gida ya biya a shekara uku.

Wani abin da ya ƙara nauyin sukar shi ne cewa Usmani ba baƙo ba ne a fagen takaful. Shi ne fitaccen mai goyon bayan gina shi a kan waƙafi, tsarin da ake aiki da shi a Pakistan da Afirka ta Kudu, wanda kuma ya dogara kacokan a kan zimmar waƙafi da ya tabbatar a wannan babi. Kayan aikin haɗa mas'alolin biyu suna hannunsa. Da babin ya shardanta cewa ba a iyakance alhakin kamfani sai ya tanadi abin da zai biya diyyar cutarwar da aka saba gani a sana'arsa, ko da jari ko da takaful, da ya toshe ƙofar da gargaɗinsa na ƙarshe ya bari a sakaye.

Mas'alar ta fara ƙwanƙwasa ƙofa a Nijeriya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani mai zaman kansa, abin da dokar 1990 ba ta yarda da shi ba, kuma tun a dokar inshora ta 2003 aka wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke shiga, ciki har da na haya, saboda rushewa da gobara da alhakin waɗanda abin ya shafa. Bambancin shi ne uzurin buƙata da ke iya halatta wa Musulmin Amurka inshorar kasuwanci ya yi rauni a nan, domin hukumar kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013 kuma akwai kamfanonin da ke aiki da su. Mai gidajen haya a Kano ko Kaduna da ya zo neman fatawa a kan mayar da su sunan kamfani, ba a wadatu da tambayarsa ko jarinsa halal ne ba. Sai an tambaye shi nawa zai bari a asusun kamfanin, wa ke duba wayoyin lantarki da rufi, da kuma sunan wa ke kan takardar takaful ɗin.